GUNTUN GATARINKA YA FI SARI KA BA NI

Ɗalibai 'yan'uwana masu karanta wannan mujalla, ni ba Bahaushiya ba ce. Ni Bayarabiya ce, haifaffiyar Shomolu a Legas. Ranar da na shigo wannan sashe namu, ban da "sannu" da "nawa ne" babu abin da na sani na Hausa. Wasu daga cikinku sun sha ganina da wani littafi mai bangon atamfa, suna tambayata a wane kanti na saya. To, yau zan ba ku amsa: ba saya na yi ba, da hannuna na haɗa shi daga abin da mutane suka zubar.

Duk wanda ya san Legas ya san Shomolu unguwar maɗaba'u ce. Mahaifina ma'aikaci ne a ɗaya daga cikinsu, aikinsa yanka takarda da babban inji. Idan aka buga kalanda ko katin biki aka datse gefensa, sai guntayen su zubo ƙasa, fari da ja da shuɗi da kore. Da yamma a tattara su a buhu a kai bola, ko a bai wa masu tuyar ƙosai. A cikin wannan shara na tashi ina wasa, ban taɓa zaton wata rana ita ce za ta rufa mini asiri ba.

Lokacin da aka ba ni gurbin karatun Hausa, mahaifina bai ji daɗi ba ko kaɗan. Shi lauya yake so in zama. Ya ce mini, "Yarinya, me za ki ci da Hausa?" Ban iya ba shi amsa ba, domin ni ma a lokacin ban sani ba. Kuma zangon farko ya so ya gaskata shi. Karin sauti bai ba ni wahala ba, tunda Yarabanci ma da karin sauti yake tafiya. Abin da ya sha mini kai shi ne baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, da bambancin dogon wasali da gajere, sai kuma uwa uba jinsi, domin a harshenmu ba a raba suna gida biyu, namiji da mace. Wata rana malaminmu ya faɗi wata jimla ya tambaye ni ko gaskiya ce. Na miƙe da ƙarfina na ce, "Malam, karya ce!" Ajin ya fashe da dariya. Sai daga baya wata ƙawata ta raɗa mini cewa macen kare na ambata. Ranar nan ban ci abincin dare ba.

Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda aka buga a 2006, a ɗakin karatu kawai nake ganin sa, kuɗin sayen nawa babu. Da aka yi hutu na koma gida, sai na tsaya ina kallon buhun guntayen nan, wata dabara ta faɗo mini. Na zaɓi masu kauri na yanka su daidai tafin hannu. Sunaye maza na rubuta su a kan shuɗi, mata a kan ja, jam'i kuma a bayan katin. An koya mana cewa yawancin sunayen da suka ƙare da "a" mata ne, amma akwai masu taurin kai irin su gida da ruwa da suna da nama, waɗanda maza ne. Waɗannan na ware musu kore, don idona ya riƙa yi mini gargaɗi. Kalmomin da lanƙwasa kaɗai ta raba su kuwa, sai na manna su baya da baya: kafa da ƙafa, baki da baƙi, kasa da ƙasa. Ba sai na gaya muku katin da na fara yi ba, kun riga kun san na karya da ƙarya ne.

Daga nan abin ya zame mini jiki. Da muka kai ga azuzuwan aikatau guda 7 da Parsons ya tsara a 1960, sai na yanko faifai biyu daga kwalin sabulu, babba da ƙarami, na huda tsakiyarsu na haɗa da ƙusa. Saiwar aikatau a ƙaramin, ɗafe-ɗafen a gefen babban. Idan na juya sai "say-" ta ba ni saya, saye, sayar, sayo, sayu. Abin da na kasa haddacewa a wata guda, yatsuna suka koya mini shi a mako ɗaya.

Da katunan suka yi yawa suka fara ɓacewa, sai na ga gara in haɗa musu littafi. Ga yadda na yi, ko wani zai so ya gwada. Takarda huɗu ake ninkewa tare, su ba da shafi 16. Kafin ka ninke, ka ɗan tanƙwara ta ta ɓangarorin biyu, inda ta fi saurin bi nan ne hanyarta, idan ka saɓa mata sai ta karye a gadon baya. Sai a huda rami uku a kan ninkin da basilla, a shiga da zare ta na tsakiya, a fita ta na sama, a tsallaka zuwa na ƙasa, a dawo tsakiya a ƙulle. Bango kuwa kwalin tsohuwar kalanda ne, na lulluɓe shi da ƙyallen atamfar da tela ya rage wa mahaifiyata. Maimakon gam na kanti, sitacin rogo na dama: a kwaɓa shi da ruwan sanyi kaɗan, a zuba tafasasshe ana juyawa har ya yi kauri. Kada a cika shafawa, takarda za ta yamutse. In an gama a danne da abu mai nauyi ya kwana. Ni buhun garin kwaki na ɗora a kai.

Amma fa na yi kuskure, kuma na ɗanɗana kuɗata. Ban jira ya bushe sarai ba na jefa shi a akwati, ga daminar Legas. Da na buɗe bayan mako biyu, sai na tarar fumfuna ta rufe bangon, kyankyasai kuma sun bi sitacin sun cinye mini gefen shafuka. Na zauna na yi kuka kamar wadda aka yi wa rasuwa.

A wannan hali na je Agege gaishe da kakata. Ita sana'ar goro take yi, kuma Agege tsohon zango ne na Hausawa fataken goro. Kusa da rumfarta akwai wani dattijo Bakano da suka yi shekaru suna ciniki, kowa Baba yake ce masa. Ya ga littafin a hannuna ya karɓa, ya jujjuya, ya ce, "'Yata, wa ya yi miki wannan?" Na ce, "Ni ce, Baba." Ya yi murmushi ya ce in dawo gobe.

Washegari ya zo da wata tsohuwar gafaka. Ya zaro littafin mahaifinsa na rubutun hannu, warƙa-warƙa ba ɗinki, a cikin tadarishi na fata. Ya ɗaga warƙa ɗaya ya saita ta da rana ya ce in duba. Sai ga hoton jinjirin wata guda uku a cikin jikin takardar. Daga baya na karanta cewa irin wannan takarda daga Italiya ake yin ta, ta biyo ta Turabulus da Masar, raƙuma su ratso Sahara da ita har Kano da Barno. Sannan ya nuna mini inda fatar tadarishin ta ɗan ɓare: ashe cikinsa tsofaffin takardu ne aka manna wani kan wani har suka zama kwali. Ya ce, "Kin gani? Abin da ya sha wannan tafiya, wa zai zubar da guntunsa?" Ya ba ni ƙullin ƙaro, irin wanda ake haɗa tawada da shi, ya ce in jiƙa a ruwan ɗumi ya kwana, in tace, in riƙa mannawa da shi, kuma in shanya aikina a inuwa ya bushe kafin in adana.

Wannan magana ta sa na bi tarihin takarda, sai na tarar asalinta ma daga abin zubarwa ne. Cai Lun, wanda ake danganta wa gyara sana'ar a ƙasar Sin a shekara ta 105 Miladiyya, da tsummoki da ɓawon itace da tsohuwar komar kamun kifi ya yi tasa. Tun daga ranar na daina ɓoye littafina a ƙarƙashin tebur idan 'yan ajinmu suka fito da nasu na kanti.

Na sake haɗa wani sabo, na riƙa zuwa Agege duk Asabar. Baba yana ware goro fari da ja, yana ba ni karin magana, ni ina rubutawa. Idan na faɗi kalma ba daidai ba, ba ya dariya, sai ya ce, "Sake, 'yata." A gabansa na fara furta "ƙ" da ta amsa sunanta, har ya ba ni goro ɗaya tukwici. Shi bai yi boko ba, saboda haka wani lokaci yakan karɓi kati ya rubuta mini kalmar da ajami a bayansa. Na manna ganyen da ake naɗe goro da shi a wani shafi, tikitin mota a wani, kowanne da kalmar da na koya a ranar. Shi ne ya faɗa mini karin maganar da na yi wa wannan rubutu take da ita, ranar da na yi masa ƙorafin rashin ƙamus.

A hutun da ya wuce na je, na tarar da rumfarsa a rufe. Kakata ta ce rashin lafiya ya kama shi, 'ya'yansa suka mayar da shi gida, bai yi wata guda ba ya rasu. Ban taɓa ɗaukar hotonsa ba, ban naɗi muryarsa a waya ba, kullum ina cewa sai mako mai zuwa. Abin da ya rage mini nasa shi ne katuna 23 masu rubutunsa, manne a kan sharar Shomolu. Allah Ya jiƙansa.

Daren nan ina zaune ina buɗa shafukan, mahaifina ya shigo. Ya karɓi littafin ya duba ɗinkin, ya shafa gefensa ya ce bai daidaita ba, wannan aikin abin kunya ne ga 'yar mai yanka takarda. Da safe ya tafi da shi wurin aiki. Da ya dawo, sai na ga ya datse gefen ya yi sumul, ya kauce wa rubutun Baba ko ɗigo bai taɓa ba. Ya buɗe shafin farko ya nuna ƙ da yatsa ya ce in koya masa yadda ake faɗin ta. Har yau bai iya ba, amma bai sake tambayata me zan ci da Hausa ba.

Saboda haka, 'yan'uwana masu koyon Hausa irina, musamman ƙannenmu na aji ɗaya, kada rashin kuɗin littafi ya kashe muku gwiwa. Ku tsinci kwali da tsohon katin biki, ku nemi almakashi da zare, ku rubuta abin da kuka ji da hannunku. Kuma idan akwai dattijo Bahaushe a Sabon garinku, mai goro ne ko mai tsire ko mai gadi, ku je ku gaishe shi wannan Asabar ɗin, kada ku ce sai mako mai zuwa. Duk mai son ganin yadda ake ɗinkin, ya same ni bayan lacca, ina da basilla biyu.