Ciwon Da Maigida Ba Ya Iya Faɗa

Yau zan taɓo wata magana mai nauyi, sai ku gafarce ni, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A gidaje da yawa maigida ya kan sami rauni har ya kasa sauke hakkin aure. Kunya ta hana shi faɗa, sai ya shiga daɗewa a waje, in ya dawo ya kama faɗa a kan gishirin miya. Uwargida kuwa ta kwana tana saƙe-saƙe: ko ya daina sona ne, ko kishiya ce ta yi masa sammu? Daga nan kuɗin cefane ya ƙare wurin boka, wani lokaci ma har a kai ga saki.

To, ku sani wannan ciwo ne kamar kowane ciwo. Ƙarfin namiji da gudun jini ya ke tafiya. Ciwon sukari, hawan jini, ƙiba, shan taba da giya, duk suna ɓata hanyoyin jini. Da ya ke na wannan wuri sun fi na zuciya ƙanƙanta, su kan riga toshewa. Saboda haka raunin ya kan zama gargaɗi tun ciwon zuciya bai bayyana ba. Damuwar bashi da gajiya su ma suna jawo shi, haka kuma waɗansu magungunan hawan jini. Amma kada ya daina shan su, likita ne zai sake masa wani.

Magani kuwa akwai shi. Tun 1998 aka fara sayar da ƙwayar Viagra a Amurka, waɗansu suka biyo baya. Sai dai in mai shan irin maganin ciwon ƙirji da a ke sawa a ƙarƙashin harshe ya haɗa da ita, jininsa na iya faɗuwa har ya halaka. An kuma sha samun sinadarinta ɓoye cikin maganin maza na tasha da kasuwa.

Ke uwargida, ki rufa masa asiri. Kada ki yi masa gori ko habaici, kada zancen ya kai bakin rijiya, don tsoron kasawa shi ke ƙara kasawa. Ki nemi lokacin da hankalinsa ya kwanta, ki ce, "Malam, da ka je asibiti an auna jininka da sukari, hankalina zai kwanta." Wannan ta fi masa sauƙin ji. Ke ma kina da hakki. A littafin Risala, angon da ya kasa kusantar amaryarsa a kan ba shi shekara guda, in abin bai yiwu ba, zaɓi na hannunta.

Ku kuma 'yan makaranta, ku adana wannan don gaba. Ilmin da kuka samu na kiwon lafiya, a gida zai fara amfani.

Allah ya ba mu zaman lafiya da mazajenmu, amin. Haza wasalamu.