KOWA DA KIWON DA YA KARƁE SHI: Rigimar Masoya A Kan Dodannin Pokémon

Na san akwai mai karatun da zai ga kanun nan ya taɓe baki, ya ce, "Yau kuma mai sharhin fim wasan yara ya koma?" To, a yi mani haƙuri a karanta zuwa ƙarshe. Rigimar da zan kawo yau ta mutanen Japan ce da Amurka da Turai, amma duk wanda ya taɓa zama a majalisar 'yan kallo ya ji ana musu a kan fim, zai ji kamar ya san muryoyin. Kuma akwai wata tambaya a cikinta da ta daɗe tana damuna a wannan sana'a tawa: idan masoyi ya ce abu ya lalace, abin ne ya lalace, ko kuwa shi masoyin ne ya girma?

Ga wanda bai san zancen ba, Pokémon wasan bidiyo ne da kamfanin Game Freak na Japan ya ƙirƙira, ya fito a ranar 27 ga Fabrairu, 1996, a kan 'yar na'urar hannu ta Nintendo mai suna Game Boy. Ma'anar sunan ita ce dodannin aljihu. Wanda ya kawo dabarar, Satoshi Tajiri, yaro ne da ya tashi da son kamun ƙwari a bayan garin Tokyo, kuma wannan sha'awar ce ya mayar wasa: ka shiga daji ka kama dodo, ka raine shi, ka haɗa tawaga ta guda shida, ka je ka kara da wasu. Dodanni 151 aka fara da su. Zuwa shekarar 2024 sun kai 1,025. Ka ga kuwa inda aka tara halitta dubu, kowacce da masoyanta, dole a yi faɗa.

Faɗan farko a kan zane ne, wato kamannin dodannin. Akwai wasu tsofaffin hannu da ke rantsuwa cewa tun daga 151 na farko ba a ƙara yin abin kirki ba. Wutar ta fi ruruwa a 2010, lokacin da aka fito da Black da White, aka zuba sabbin dodanni 156, aka kuma hana ka ganin ko ɗaya daga cikin tsofaffin sai ka gama labarin. A ciki akwai Garbodor, wanda buhun shara ne da ya fashe, da Vanilluxe, wanda askirim ne mai kai biyu. Bayan shekara uku kuma aka kawo Klefki, wanda ba komai ba ne illa zoben makullai. Nan fa aka yi caa: basira ta ƙare, masu zane sun koma leƙen kicin da bola.

Ni a nan na ke da ta cewa, domin ni ɗan Black da White ne. Lokacin da wasan farko ya fito ko haihuwata ba a yi ba. Ina shekarar farko a kwalejin kimiyya da fasaha wani abokin kwanana ya tura mani Black a waya, da 'yar manhajar da ke sa wayar ta kwaikwayi na'urar wasan. Dodon da ya fara shiga raina shi ne Litwick, ɗan kyandir mai harshen wuta shuɗi-shuɗi, wanda bayaninsa ya ce yana yin kamar zai haska maka hanya alhali ranka ya ke zuƙa. A matsayina na mai son labari, na ce wannan ai mugun fim ne sukutum a cikin layi biyu. Sai daga baya na tarar wai abin da na ke so ɗin nan shi ne manya ke kira shara.

To, bari mu duba hujjarsu. A cikin 151 ɗin da ake yi wa kirari akwai Muk, tarin ruwan kwata ne da ido da baki. Akwai Voltorb, ƙwallo ce kawai mai fushi, wadda idan ta girma sai a juya launinta sama ya koma ƙasa a ce an yi sabon dodo. Akwai Magnemite, maganaɗisu da kusoshi. Akwai Geodude, dutse da hannu biyu. Akwai Exeggcute, ƙwai shida har da fasasshe. Malam, in ruwan kwata ya halatta a 1996, me ya haramta buhun shara a 2010? Balle ma ƙasar da aka gina a Black da White kwaikwayon birnin New York ce, kuma babban birni ba ya rabuwa da shara. Sannan a tatsuniyoyin Japan akwai tsohon zancen cewa kayan aikin gida, idan suka shekara ɗari, sukan yi rai su zama iskokai. Ka ga makulli ko fitila ta zama dodo ba baƙon abu ba ne a wurinsu, al'adarsu ce.

Abin da ya raba Muk da Garbodor, a ganina, shekarun mai kallo ne. Ya haɗu da Muk yana ɗan shekara tara, ya haɗu da Garbodor yana da gemu. So hana ganin laifi. Mu ma a nan mun san wannan ciwon. Wanda ya tashi da "Sangaya" da "Wasila" zai ce maka daga nan aka rufe ƙofar fim, ya manta cewa a lokacin iyayensa cewa su ke yi ai bayan Samanja da Karkuzu babu sauran wasan kwaikwayo. Kowa zamanin ƙuruciyarsa ya ke karewa, sai ya sa masa suna inganci.

Akwai ma shaida. A 2020 an yi ƙuri'ar gwarzon Pokémon na shekara ta hanyar Google, duniya duka ta jefa. Greninja, ɗan kwaɗon da ya fito a 2013, shi ya zo na ɗaya. Lucario na 2006 ya zo na biyu, Mimikyu na 2016 na uku. Sai a na huɗu aka ga ɗan farko, wato Charizard. Pikachu, wanda shi ne fuskar kamfanin, ko goman farko bai shiga ba. Shi Mimikyu ɗin nan ya isa a tsaya a kansa: wata halitta ce da ba wanda ke iya kallon ainihin jikinta, sai ta lulluɓa da tsumma ta zana fuskar Pikachu a kai, wai ko ita ma a so ta. Duk marubucin da ya iya gina tauraro irin wannan, ni kam na cire masa hula.

Amma kar a ɗauka ina cewa duk ƙorafin masoya shirme ne. Faɗa na biyu, wato na daidaiton ƙarfi, a nan sau da yawa gaskiya tana wajensu. Ginshiƙin wasan shi ne gaba da gabanta: Ruwa na kashe Wuta, Wuta na cin Ciyawa, Ciyawa na shanye Ruwa. Jinsi 15 aka fara da su, kuma an so a ce kowanne yana da maganinsa. Sai dai a wasan farko jinsin masu sihirin ƙwaƙwalwa, irin su Alakazam da Mewtwo, sun zama kura a garken awaki. Jinsin Fatalwa ne aka shirya ya zama maganinsu, amma wani kuskure a rubutun manhajar ya sa bugun Fatalwa ba ya taɓa su kwata-kwata. Ƙari a kan haka, fatalwowi ukun da ake da su duk suna da haɗin jinsin Guba, wanda shi kuma masu sihirin ke yi wa kisan mummuƙe. Ɗaya maganin, jinsin Ƙwaro, bugunsa ba ƙarfi. Mai gadi ya zama abincin ɓarawo ke nan.

Kamfanin ya ji, ya kuma gyara. A 1999, cikin Gold da Silver, aka kawo jinsin Duhu wanda sihirin ba ya kama shi, da jinsin Ƙarfe wanda ke jure masa, aka kuma gyara kuskuren Fatalwa. Da jinsin Diragon, wato macizan almara, suka zama su ne sabbin 'yan kama-karya, sai a 2013 aka kawo jinsin Aljanu wanda bugun Diragon ba ya yi masa komai. Jinsi ya zama 18. Su ma masoya ba su zauna jiran kamfani ba. Wata ƙungiyarsu mai suna Smogon ta raba dodannin aji-aji gwargwadon yawan amfani da su, domin ƙanana su samu filin da za su kara da sa'anninsu, ta kuma ware wani aji na waɗanda suka fi ƙarfin kowa. A 2014 aka fito da sabon siffar Rayquaza mai ƙarfin da ko a wannan ajin na manya sai da aka kore shi, aka buɗe masa wani fili daban inda babu doka. Kai jama'a! Wannan ai ba ƙorafin son zuciya ba ne, lissafi ne.

Duk da haka ban yarda da masu cewa sai kowane dodo ya yi daidai da ɗan'uwansa ba. Fim ɗin da kowa jarumi ne a cikinsa ba ya kalluwa. Ana buƙatar jarumi, ana buƙatar mugu, ana buƙatar maigadi da tsohuwa mai kai gulma. Sau nawa marigayi Rabilu Musa Ibro ya fito minti biyar a fim, aka tashi ba a tuna kowa sai shi? Abin da ake nema shi ne kowa ya samu rawar da shi kaɗai ya iya takawa. Misalin da masoya ba sa gajiya da bayarwa shi ne gasar duniya ta 2014 a birnin Washington, inda wani ɗan Koriya ta Kudu, Se Jun Park, ya shigo da Pachirisu, wani ɗan kurege fari da ba wanda ke lissafi da shi. Aikinsa ɗaya ne: ya janyo bugun abokan gaba zuwa kansa, ya shanye, manyan tawagar su samu sarari su yi ɓarna. Da shi ya ɗauki kofin duniya. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Wasan da ke barin ƙofa irin wannan a buɗe, shi ne mai daidaito a wurina, ko da kuwa akwai manya da ƙanana a cikinsa.

Inda kamfanin ke ɓata mani rai shi ne wajen fifiko. Charizard ya samu sabbin siffofi biyu a 2013 lokacin da kusan kowa ɗaya ya samu, aka ƙara masa wata a 2019, aka kuma ba shi matsayin babban dodon zakaran ƙasar a wasan shekarar. Alhali ga ɗaruruwa can an manta da su. Wannan halin 'yan kasuwar kaset ne na zamanin da, masu cewa in babu fuskar wane a fosta ba za su sayi fim ba. Ana cin riba yau, amma ba a gina tauraron gobe.

Babbar rigimar kuwa ita ce ta 2019. A watan Yuni na shekarar, furodusan wasan, Junichi Masuda, ya sanar cewa a Sword da Shield ba duka dodanni ne za a iya shigowa da su ba. Da wasan ya fito, 400 ne kawai a kundinsa, daga cikin sama da 800. Dalilan da ya bayar sun haɗa da yawan aiki, da inganta hoto, da kuma daidaiton ƙarfi. Mai kallo daga waje zai ce to mene ne a ciki? Abin da ke ciki shi ne, tun daga wasan 2002 mutum na iya ɗauko dodonsa daga tsohon wasa ya kai shi sabo. Akwai wanda ya kama nasa yana firamare, ya sa masa suna, ya yi ta tafiya da shi har ya yi aure, shekara 17. Rana ɗaya aka ce masa a bar shi a bakin ƙofa. Kamfanin da ya yi shekaru yana tallar cewa a kama su duka, shi ne ya koya wa mutane wannan ƙauna, don haka ba shi da bakin cewa sun cika son abu. A nan ina bayan masoya ɗari bisa ɗari, in ban da waɗanda suka koma zagin ma'aikata da yi masu barazana, wanda wannan rashin tarbiyya ne ba sharhi ba.

To amma me ya biyo baya? Sword da Shield sun sayar da kwafi sama da miliyan 26. A 2022 Scarlet da Violet suka fito cike da matsalolin hoto da sarƙewa, har Nintendo ta ba da haƙuri, amma an sayi miliyan 10 cikin kwana uku. Bakin yana zagi, hannu yana miƙa kuɗi. Wane ɗan kasuwa ne zai saurari bakin?

Shi ya sa na ke ganin aikin mai sharhi, na fim ne ko na littafi ko na wasa, shi ne ya tace ƙorafi kafin ya ɗauka. Wanda ya ce "ba na son buhun shara" ra'ayinsa ya faɗa, kuma yana da haƙƙi, sai dai ba hukunci ba ne a kan wanda ke so. Wanda ya ce "wannan jinsin ba shi da magani, ga lissafin" ya kawo hujja, dole a amsa masa. Wanda kuma ya ce "kun yi mani alƙawari kun saɓa" shi ma bashi ya ke bi. Idan aka cakuɗa ukun nan wuri ɗaya, mai gaskiya ne ke asara, domin kamfani zai nuna masu hayaniyar banza ya ce ai duk haka su ke.

Saboda haka, mai karatu, ranar da ka ji ƙanenka yana yabon wani fim ko littafi da kai ka ke gani shara ne, kafin ka ce masa bai san abu mai kyau ba, tambaye shi me ya gani a ciki. Wataƙila ya ga abin da kai ma ka gani a naka kana shekarunsa. In ya kawo hujja ka karɓa, in so ne kawai ka bar shi da abinsa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, in ji maƙwabcin mai akuya da ya sayi kura. Sai dai shi ma mai kurar, a gaya masa ya ɗaure ta da kyau.

Allah ya sa mu dace. Sai wani watan.