Kwamfutar Uwargida

Wata huɗu bayan Ubangiji ya kira uwargidana gida, kwamfutarta ta ƙi tashi. Ta tafi-da-gidanka ce, 'yar gwanjo, ɗanmu na fari ya saya mata a Jos lokacin da matan zumunta suka ɗora mata riƙon littafin adashensu. Batirinta ya daɗe da mutuwa, sai an jona ta da wuta take aiki. Wani dare na kunna ta don in dubi hotuna, ta ce tana sabunta kanta, kada a kashe. Ina zaune ina jira aka ɗauke wuta. Da wuta ta dawo na sake kunnawa, sai ta nuna shuɗin allo, ta ce tana ƙoƙarin gyara kanta, ta mutu, ta sake tashi, ta sake faɗin haka. Har gari ya waye tana wannan zagaye kamar jakin da aka ɗaure a turke.

Da hotuna ne kawai a ciki, da na yi haƙuri na rufe ta na sa a akwati. Amma a makon nan ne mata biyu daga zumunta suka zo gidana da yamma. Suka gaishe ni, suka yi ta kewaye-kewaye, kafin babbar cikinsu ta ce, "Baba, ka gafarce mu, ba don mu tayar maka da baƙin ciki muka zo ba." Wata gwauruwa a cikinsu ta ce ba ta karɓi kwasarta cikakke ba kafin Mama ta kwanta ciwo. Wasu suka ce ta karɓa. Littafin takarda ya ɓace a hidimar asibiti. Abin da kowa ya sani shi ne Mama tana ɗaukar hoton kowane shafi bayan an sa hannu, ta ajiye a kwamfuta. Shekara 41 na zauna da matar nan ban taɓa jin an haɗa sunanta da kuɗin wani ba, ga shi yanzu ba ta nan balle ta amsa.

Na kai kwamfutar wurin wani mai gyara a kasuwa. Ya kunna, ya kalli shuɗin allon, ya ce, "Baba, wannan sai an wanke ta gaba ɗaya. Kana da faifanta?" Na ce wane faifai? Ya ce wanda ta zo da shi daga kamfani. Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Kayan da ya ratsa teku, ya bi hannu uku ko huɗu kafin ya iso gare mu, wa zai ba ka faifansa? Ko da ma akwai, kwamfutar ba ta da ramin sa faifai. Ya ce ba damuwa, yana da nasa, minti 40 ya gama. Na tambaye shi abin da ke ciki fa? Ya ɗaga kafaɗa. Ban ga laifinsa sosai ba, yawancin masu zuwa wurinsa so suke na'ura ta tashi su tafi. Na ɗauki kayana na dawo gida.

Jikata ce ta cece ni, wadda ke karatu a jami'a a Zariya, wadda tun tana ƙarama nake kira amarya. Ta zo hutu ta tarar da ni zaune gaban kwamfutar. Ta ce, "Kaka, ba ka bar kowa ya taɓa ta ba ko?" Na ce ban bari ba. Ta ce to, da sauran magana.

Ita ta fahimtar da ni abin da ban taɓa rarrabewa ba. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wato Windows, abu ɗaya ne. Hotuna da takardun da mutum ya ajiye wani abu ne dabam, ko da yake rumbu ɗaya suke zaune. Ɗaukewar wuta ta lalata manhajar tana tsakiyar sauya kanta, amma mai yiwuwa kayan ajiyar suna nan lafiya, kamar ɗakin da makullinsa ya karye alhali hatsi na ciki. Don haka aikin farko shi ne a fitar da kaya. Sake ɗora manhaja ya biyo baya.

Ta aro kwamfutar wata ƙawarta, ta sauko da wata manhaja mai suna Ubuntu. Kyauta ce, wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya kafa kamfanin da ya fara fitar da ita a 2004. Ta rubuta ta a kan filashi, ta soka a kwamfutar Mama, ta kunna tana danna wani maɓalli har jerin zaɓi ya fito, ta ce wa na'urar ta tashi daga filashi, ta bar rumbunta. Ubuntu tana ba mutum zaɓi biyu: ya gwada ta, ko ya ɗora ta. Amarya ta nuna mini da yatsa ta ce, "Kaka, duba nan. In na danna na biyun ban kula ba, komai na iya tafiya." Ta danna na gwaji. Bayan ɗan lokaci allo ya buɗe da wata fuska da ban sani ba, ta shiga rumbun, sai ga jakunkunan Mama a jere da sunayen da ta ba su: Adashe, Jikoki, Waƙoƙi, Asibiti. Na tashi na fita tsakar gida na ɗan tsaya.

Kwafewar ta ci kusan awa uku, a kan janaretan maƙwabci, domin na rantse ba zan sake amincewa da wutar layi a wannan aiki ba. Muka kwafe komai a rumbun waje, kuma amarya ta ƙi yarda mu ci gaba sai da ta buɗe fayiloli da dama a kwamfutar ƙawarta ta tabbatar suna buɗuwa.

A daren muka buɗe jakar Adashe. 'Yan'uwa, zan faɗa muku gaskiya, na shiga da zuciyar mai neman hujjar wanke matarsa. Shafin yana nan, da rubutun hannunta mai karkata. Ta ba gwauruwar kuɗinta, an sa hannu, amma ba duka ba. A gefe ta rubuta cewa saura naira 15,000, domin mutum biyu ba su kawo zubinsu ba, za ta cika mata ranar Lahadi. Ranar Asabar aka kwantar da ita. Gwauruwar ta yi gaskiya, waɗanda suka ce ta karɓa su ma ba su yi ƙarya ba. Ni ne na kwana huɗu ina jin haushin baiwar Allah a raina, ina cewa ta ga babu mai kare Mama ne. Washegari na ɗauki kuɗin da hoton shafin na kai mata da kaina, na roƙe ta gafara a kan abin da ba ta ma san na yi ba. Sunayen mutum biyun da ba su yi zubi ba suna shafin. Na miƙa wa shugabar zumunta, ban sake tambaya ba.

Sauran aikin ya zo da sauƙin da ya ba ni mamaki. Ashe zancen faifai tsohon zance ne. Kamfanin Microsoft da kansa yana ba da wata 'yar manhaja a shafinsa wadda ke sauko da Windows 10 ta shirya ta a kan filashi, muddin filashin ya kai gigabait 8, kuma tana share duk abin da ke kansa. Abin da ya ci mana kuɗi shi ne data, sai da amarya ta jira tsakar dare. Na damu da lambar lasisi, mai haruffa da lambobi 25, domin na tuna a zamanin Windows 7 ana manna ta a takarda a ƙarƙashin kwamfuta, tamu kuwa babu. Ta ce tun daga Windows 8, a 2012, manyan kamfanoni suka koma rubuta lambar a cikin allon na'urar kanta. Haka kuwa aka yi: ba a tambaye mu lamba ba, kuma da muka jona intanet sai ta nuna lasisinta ya tabbata. Ta gargaɗe ni cewa Microsoft ta sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, kuma wannan tsohuwa ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Ta ce in lokacin ya yi za ta ɗora mini Ubuntu ɗin nan, in koya. Na ce amarya, a shekara 73? Ta ce ai Mama ta haura 60 ta koyi wannan.

Wuri ɗaya ne hannuna ya yi nauyi. Ana cikin ɗorawa, allon ya nuna sassan rumbun, ya nemi a zaɓi wanda za a share. Amarya ta janye hannunta ta ce, "Kaka, kai za ka danna." Na san komai yana rumbun waje, na gani da idona. Duk da haka na daɗe ina kallon maɓallin. Akwai abubuwan da ba a kwafewa: yadda ta jera gumakan allonta a gefen dama domin idonta na hagu ba ya gani sosai, da sunanta da ke fitowa duk lokacin da aka kunna, da kalmar sirrin da ta zaɓa, wadda ita ce sunan ƙauyen da muka fara zama bayan aure. Na danna.

Da ta gama, ta tashi fes, da sauri fiye da yadda na taɓa ganinta. Ta tambayi sunan mai amfani da ita. Amarya ta juyo ta dube ni, yatsunta a kan maɓallai. Na ce ta sa nawa. Muka mayar da jakunkunan ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu yadda Mama ta bar su. A cikin ta Waƙoƙi muka tarar da wani fayil na minti shida wanda ban san da shi ba: ita ce take koya wa matan zumunta wata sabuwar waƙa, tana tsayawa tana gyara musu murya, tana dariya. Yanzu yana wuri uku, a kwamfutar, a rumbun waje, da wayar amarya. Na kuma sayi sabon batir.