Kwanon Gida da Takardar Saki

A unguwar Wulari ta birnin Maiduguri akwai wani gida mai ɗaki huɗu wanda mutum biyu suka gina, amma sunan mutum ɗaya ne a kan takardarsa. Maigidan ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, saura kaɗan ya yi ritaya. Uwargidan kuwa turaren wuta da humra take haɗawa tana sayarwa. Shekararsu 23 tare, sa'an nan zama ya ƙi, har ya miƙa mata takarda.

Da idda ta kusa cika, sai aka taru a zauren bulama: shi, da ita, da wanta, da wani tsohon malami. Abu uku aka zo rabawa, watau gida, da bashi, da kuɗin fensho.

Malamin ya fara da abin da ba ya da gardama. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na Arewa ke hukunci da shi, aure ba ya gauraya dukiya. Sadakinta nata ne, haka kayan ɗakinta da ribar sana'arta. Idan an yi jayayya kan kayan gida babu shaida, abin da aka san na mata ne a ba ta tare da rantsuwa, na maza a ba shi. Ciyar da yara na wuyan uba. Nan kowa ya gyaɗa kai.

Da aka zo kan gida sai zaure ya yi tsit. Ta ce, "Allah Ya gafarta Malam, kwanon da ke kan gidan nan zinariyata ce, da kwasar adashe biyu." Malam ya ce, "Bashi kika ba shi ko kyauta?" Ta sunkuyar da kai. Wace mace ce za ta ce wa mijinta ya sa hannu a takarda alhali ruwan sama na zuba a kan 'ya'yanta? Wanta ya nemi shaida, aka tarar maginin ya rasu.

Abin mamaki shi ne, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. 'Yan kasuwa na aiki da ita. Ma'aurata ne kaɗai kunya ta hana, su kuwa suka fi kowa cuɗanyar kuɗi.

Bashi ma haka ya zo a karkace. Shinkafa da man da aka ci a gidan ita ta karɓo a Kasuwar Monday da sunanta, tun kafin gobarar Fabrairun 2023, kuma mai shagon ita ya sani. Malam ya ce ciyarwa wajibin miji ce, saboda haka wannan bashin nasa ne ko da bakinta ya ciwo shi. Maigida bai musa ba.

Saura fensho. Dokar fensho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta sa kowane ma'aikaci ya buɗe asusu da sunansa, yana zuba kashi 8 cikin 100 na albashi, wanda ya ɗauke shi aiki na zuba kashi 10. Sunan mata ba ya ciki. Dokar rabuwar aure ta 1970 ta ba alƙali ikon daidaita dukiya tsakanin ma'aurata, amma ba ta shafi auren Musulunci ba. A Ingila tun shekarar 2000 kotu na iya yanka wa matar da aka rabu da ita kaso daga fenshon miji. Kada mai karatu ya ce wannan ra'ayin Turawa ne kawai. Maroko ƙasar Malikawa ce, kuma dokar iyali tata ta 2004 ta yarda ma'aurata su rubuta yarjejeniya kan dukiyar da suka tara tare. In babu ita, alƙali ya dubi wahalar kowannensu. Tun ƙarni na 16 malaminsu Ibn Ardun ya ba da fatawa cewa matar ƙauye mai aiki a gona tana da rabo cikin amfanin.

A zauren Wulari babu dokar da za ta tilasta maigida. Bulama ya dube shi ya ce, "Ɗana, takarda na hannunka, amma kai ka san wanda ya rufa ɗakin." Ya daɗe bai tanka ba. Can ya ce, "Baba, gaskiya ta faɗa." Ya ɗauki alkawarin biyan kuɗin kwano bisa farashin yau, daga dunƙulen da zai karɓa ranar ritaya, ya kuma ƙara mata kyautar sallama, wadda malamai ke kira mut'a. Shekarun girki da jinya kuwa ba wanda ya iya yi musu kuɗi.

Ta samu haƙƙinta ne don mijin ya ji tsoron Allah, ba kowace mace ke dacewa da irinsa ba. Da za a tashi ta ce, "Baba, a rubuta." Aka aiki yaro ya sayo takarda, shaidu biyu suka sa hannu. Allah Ya sa masu aure su riƙa yin haka tun ana dariya.