Waƙar da Ake Rerawa a Kan Hanya: Wurno, Rabah da Goronyo

A ƙasar Folan akwai ɗalibai masu hawan duwatsun Biyeshcadi da jakar baya da jita, su kwana suna rera baitocin mawallafan ƙasarsu. Ƙungiyar Wolna Grupa Bukowina, wadda aka kafa a 1971, da wannan ta yi suna. Mu a gabashin Sakkwato ba mu da irin duwatsunsu, amma mun daɗe da sanin waƙar da ake ɗauka a ka a bi hanya da ita.

Wurno na kan tudu, tana kallon fadamar Rima. Nan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, nan ya rasu a 1837, kuma kabarinsa na nan har yau. Ƙanwarsa Nana Asma'u ta tsara 'Yan Taru. Ana naɗa dattijuwa jaji, a ba ta malfa da jan rawani, ta jagoranci mata daga ƙauye su taka a ƙasa zuwa wurin Nana, su haddace waƙoƙi, su koma gida su koyar. Yawancinsu ba sa karatun takarda, don haka sautin rerawa ne ya riƙe musu baitocin. Waƙar Gewaye ma labarin tafiya ce, domin tana bin sawun Shehu tun daga hijirarsa daga Degel zuwa Gudu a 1804. Nana ta yi ta da Fulatanci, ɗan'uwanta Isa ya mayar da ita Hausa.

Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, tana kudu da Wurno. Goronyo kuwa kowa ya san ta da madatsar ruwan da aka kammala a 1984, da albasa da tafarnuwa.

Abin da ke damunmu shi ne hanyar kanta. Saboda 'yan bindiga, iyaye da yawa ba za su bar ɗalibi ya bi waɗannan ƙauyuka ba, kuma suna da gaskiya. To, waƙar da aka saba ɗauka daga baki, in an daina zirga-zirga, wa zai karɓe ta? Littafi zai adana kalmomin, karin muryar kuwa sai an ji.

In akwai tsohuwa a gidanku da ta taso a wannan yanki, ku roƙe ta ta rera muku abin da ta koya wurin kakarta. Ku ɗauka da waya, ku rubuta sunan ƙauyensu da na wadda ta koya mata, ku kai wa malamin Hausa.