Fuskar Inna da Fensirina



'Yan uwana matasa, ni ba malami ba ne, kuma ba gwanin zane ba ne. Ban taɓa shiga ajin koyon zane ba, ban taɓa sayar da hoto ko na kwabo ba. Abin da na sani shi ne, tun ina firamare a Zariya hannuna ba ya zama haka nan: bayan littafin lissafi, gefen jarida, har bangon zaurenmu da gawayi, wanda ya jawo mini bulala ba sau ɗaya ba. Ni mutum ne mai nauyin baki. Abin da ya tokare mini ƙirji, idan na kasa faɗarsa, sai in zana shi.

Mahaifiyata ta rasu a shekarar 2019, Allah Ya jiƙanta. Da aka share makoki, kowa ya watse, sai na ɗauki fensir na fara zana fuskarta. Muna da hotunanta a waya, amma duk a ƙame take a cikinsu, domin ba ta son a ɗauke ta hoto. Ni kuwa fuskar da nake nema ita ce wadda take yi idan tana tsintar shinkafa tana sauraren rediyo, ta ɗan karkata kai gefe. Wata uku na yi ina wannan aiki bayan sallar isha'i, har na cika littafi biyu. Hanci ya fito, tsagen kumatunta ya fito, idanun ne suka ƙi. Duk wadda na zana sai ta zama wata mata ce dabam mai kama da Inna.

Wata rana ƙaninta, wanda ke karantar da littattafai a zaurensa, ya shigo ɗakina ya tarar da littafin a buɗe. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, Yaya ce wannan?" Na ce, "Ita ce, Kawu." Sai ya share ido da bakin rawaninsa, ya ce, "Ka san maganar malamai a kan wannan kuwa?"

Na sani mana, kauce mata kawai nake yi. Ya zaunar da ni ya warware mini. Hadisai ingantattu a Bukhari da Muslim sun yi kashedi mai tsanani ga masu yin surar abu mai rai, har aka ce ranar ƙiyama za a nemi su busa wa abin da suka yi rai, ba kuwa za su iya ba. Imam Nawawi da malamai da yawa sun ɗauki hanin a kan kowace irin sura, ta gunki ko ta takarda. Malamanmu na Malikiyya kuwa sun rarrabe: haramun shi ne cikakkiyar sura mai jiki da inuwa, amma zane a shimfiɗe bai kai haramun ba, sai dai barinsa ya fi. Ya kuma ba ni labarin mutumin da ya je wurin Ibn Abbas (RA), sana'arsa ke nan yin surori, ya firgita da ya ji hadisin, sai Ibn Abbas ya nuna masa itatuwa da duk abin da ba shi da rai.

Kawu bai ce in ƙona ba, bai kuma ce in ci gaba ba. Tambaya ɗaya ya bar ni da ita: "Me kake nema a idanun nan?" Daren nan ban runtsa ba. Gaskiya ita ce, ba kama nake nema ba. So nake takarda ta dube ni irin duban Inna. Rai nake nema, ina goge ido ina sake zanawa har takarda ta huje.

Da mako ya zagayo sai ya kira ni ya ɗauko allon zayyanar da aka yi masa ranar saukarsa, launukansa sun ɗan koɗe. Ya buɗe mini Alƙur'aninsa na rubutun hannu, ruwayar Warshu: baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja, hamza da rawaya, ɗigon wasali da kore. Shekara nawa ina ganin irin wannan ban taɓa kiransa zane ba! Haka ma adon bangon tsofaffin gidajen cikin birni da nake wucewa kullum, da bakan gizon tsohon Masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Ashe mutanenmu sun daɗe suna zuba abin da ke ransu a allo da bango ba tare da fuska ba.

Na sayi fentin ruwa da buroshi uku. Ban kware a zayyana ba, hannuna rawa yake a layi miƙaƙƙe. Sai na koma ga abin da na iya: na zana ƙofar ɗakin Inna da hantsi, dardumarta a ninke, butarta mai lotsattsen gefe, carbinta rataye a ƙusa, faifan shinkafa da rediyo a gindin darbejiya. Ba kowa a hoton. Inuwar bishiyar ta ba ni wuya ƙwarai, sau huɗu ina sakewa.

Da ƙanwata ta zo daga gidanta ta gani, sai ta dafe baki ta ce, "Yaya, kamar yanzu ta tashi ta shiga ɗaki." Muka yi mata addu'a a nan tsaye.

Littattafan nan biyu kuwa suna ƙasan akwatina. Ban ƙona su ba, ban kuma sake buɗe su ba.