A Brussels na ga masu unguwannin intanet

Sanyin Brussels na farkon Fabrairu ba irin hunturun gida ba ne, wanda hantsi ke korewa. Wannan yana bin mutum har cikin mota. Ranar Asabar, 1 ga Fabrairun 2025, ɗan ƙanwata da ke karatun kwamfuta a Beljiyam ya tashe ni tun da duhu, muka hau bas mai lamba 71 zuwa harabar jami'ar ULB da ke Solbosch. A can ake taron FOSDEM duk shekara, taron masu rubuta manhajar da kowa ke da damar ɗauka, ya duba cikinta, ya gyara, ya raba. Ba tikiti, ba rajista, ba mai tambayar ka daga ina. Dubban mutane ne goye da jakunkuna, suna kai da komo tsakanin gine-gine, ga layin masu sayen soyayyen dankali har bakin titi.

A shekarar an ware ɗaki guda domin zancen kafafen sada zumunta waɗanda ba kamfani ɗaya ke riƙe da su ba. Kafin mu isa ya cika, an rufe ƙofa. Muka samu gefen matakala muka zauna, kuma a nan, ba a cikin ɗakin ba, na koyi abin da na komo gida da shi.

Na ce wa yaron, tun jiya kake ambaton Mastodon, har yanzu ban gane bambancinsa da Twitter ba.

Ya ce, "Kawu, layinka MTN ne, na Inna Airtel. Ka taɓa kasa kiran ta don haka?"

Na ce a'a.

"To, a Facebook da Twitter an hana wannan. Wanda ke can ba ya jin na nan. Mu kuma so muke kafafen sada zumunta su zama kamar waya, ko kamar imel."

Ya buɗe kwamfutarsa ya nuna mini. Mastodon manhaja ce da wani matashi, Eugen Rochko, haifaffen Rasha da ya tashi a Jamus, ya fitar a 2016. Duk mai so yana iya ɗora ta a kan sabar, wato kwamfutar da ba a kashewa dare da rana, ya buɗe wa mutane ƙofa. Kowace sabar gida ce mai zaman kanta, da mai gidanta da dokokinta. Shi ya sa adireshin mutum ke da gaɓa biyu, sunansa da sunan gidan da yake zaune. Harshen da gidajen ke magana da juna kuwa sunansa ActivityPub, wanda hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta amince da shi a Janairun 2018. Kowane mai asusu yana da akwati biyu, na shiga da na fita. In na bi wani da ke zaune a wani gida, gidana ne zai aika wa nasa saƙo ya ce wane yana son jin labarin wane. Daga ranar, duk abin da ya rubuta, gidansa zai kwafa ya kawo akwatin gidana, ɗauke da sa hannu na sirri da ke tabbatar da cewa daga can ya fito. Ba wata uwar kwamfuta a tsakiya da komai ke bi ta cikinta.

Ba Mastodon kaɗai ke jin wannan harshe ba. Akwai PeerTube na bidiyo, wanda ƙungiyar Framasoft ta Faransa ke kula da shi, da Pixelfed na hotuna. Daga asusunsa na rubutu yaron ya bi wata tashar bidiyo, ya yi mata sharhi, sharhin ya bayyana can ƙarƙashin bidiyon. Gamayyar gidajen nan duka suke kira fedibas.

Muna cikin haka wata mata da ke zaune a matakala ta sama da tamu ta sa baki. Bajamushiya ce, za ta kai shekara hamsin, da furfura a gaban goshi, murfin kwamfutarta ya cika da lambobin liƙawa har ba a ganin launinsa. Ta ce ita ma tana da gida, na 'yan ɗaruruwan mutane, yawancinsu masu sha'awar lambu da kiwon zuma. Yaron yana fassara mini inda na rasa zaren. Ta ce abin da ya faɗa duk gaskiya ne, amma wannan shi ne ɓangare mai sauƙi.

Ta juyo da allon ta nuna mini shafin ƙorafe-ƙorafe. Guda shida ke jiran ta tun safe. Biyar 'yan talla ne na damfara, ta share su da yatsa ɗaya kamar mai kore ƙuda. Na shida ta tsaya a kansa. Wani mutumin gidanta ne ya yi wa wani na wani gida magana mai zafi, mai gidan can ya rubuto yana neman a ja masa kunne. Ta karanta zancen tun daga farko, ta cire tabarau ta goge, ta sake karantawa. Ta ce ta san mutumin, ba halinsa ba ne, yana cikin wani hali a kwanakin nan. Za ta rubuta masa da kanta da daddare, ta kuma ba mai gidan can haƙuri. Ina kallon ta na tuna mai unguwarmu zaune a zaure bayan la'asar, ana kawo masa ƙarar akuyar da ta ci shukar maƙwabci.

Ba albashi take ɗauka ba. Kuɗin hayar sabar wata-wata karo-karo mazauna gidan ke yi, in bai kai ba ta cika daga aljihunta. Ta ce lokacin da Elon Musk ya sayi Twitter a Oktoban 2022 kan dala biliyan 44, mutane suka yi ta kwararowa har sabar ta riƙa numfashi da ƙyar, dole ta rufe ƙofar shiga na 'yan makonni.

Na tambaye ta, in gida guda ya zama matattarar masu zagi fa? Ta ce akwai mataki biyu. Ana iya rage masa murya, ta yadda sai wanda ya bi mutanensa da gangan zai ga rubutunsu. Ana kuma iya yanke hulɗa gaba ɗaya. Haka gidaje da yawa suka yi wa Gab, dandalin masu tsattsauran ra'ayi na Amurka, da ya koma amfani da manhajar Mastodon a 2019: manhajar kowa ce, ba wanda ya iya hana su ɗauka, amma aka rufe musu ƙofofi. Da kamfanin Meta ya fara haɗa dandalinsa na Threads da fedibas a ƙarshen 2023 kuwa, kan masu gidaje ya rabu. Wasu suka ce baƙo ne, a ba shi tabarma. Wasu suka ce giwa ce za ta shigo gonar, suka toshe tun kafin ta iso. Ita tana cikin na biyun, kuma sai da ta tambayi mutanen gidanta kafin ta yanke.

A nan nake ganin dole a faɗi gaskiya, domin masu ƙaunar abin kan yi saurin wucewa. Yanke hulɗa yana raba abokai da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Mai gida yana da ikon ganin saƙonnin da mutane ke ɗauka na sirri ne, don ba a kulle su yadda sai mai karɓa kaɗai zai buɗe ba. In ya gaji ya rufe gidan, rubutun shekaru na iya tafiya. Akwai alkawarin da Mastodon ke nema daga gidajen da yake tallatawa: a riƙa ajiye kwafin bayanai kullum, a sami mutum na biyu mai riƙe da mabuɗi, a ba da sanarwar wata uku kafin rufewa. Mai ƙaura yana tafiya da mabiyansa zuwa sabon gida, tsofaffin rubuce-rubucensa kuwa ba sa bin sa. Iko dai bai ɓace ba. Saukowa ya yi daga bene mai hawa arba'in zuwa hannun mutumin da za ka iya rubuta wa ya amsa, in ya ƙi ka kwashe kayanka. A wurina wannan sauyi ne babba.

Na ba ta labarin watanni bakwai da gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, bayan kamfanin ya goge wani rubutun Shugaba Buhari, da yadda hukumomi suka koma dandalin Koo na Indiya, wanda shi ma ya rufe a 2024. Ta ce gwamnatocin Jamus da Holan da Hukumar Tarayyar Turai sun buɗe nasu gidajen, don kada sanarwar hukuma ta dogara da ra'ayin wani attajiri.

Sai na tambaye ta ko za ta karɓe ni a gidanta in riƙa rubutu da Hausa. Ta yi shiru kaɗan. Ta ce ƙofa a buɗe take, amma ranar da aka kawo ƙarata ba za ta iya bambance zagi da wasa ba, kuma ba ta son yanke hukunci a kan maganar da ba ta ji. Na fahimce ta sarai. Wa zai gaya mata cewa abin da Bakatsine ke faɗa wa Banufe, ko jika ga kakarsa, ba faɗa ba ne?

Da magariba ta yi muka sami wani lungu a bayan ɗakin karatu muka yi salla a kan rigunan sanyinmu. A bas ɗin komawa yaron ya fito da waya yana duba farashin hayar ƙaramar sabar, yana juya shi zuwa naira. Ya ce kuɗin ba zai gagare mu ba, ɗorawar ma aikin yini ɗaya ne a wurinsa.

"Amma Kawu, wa zai zauna a zauren?"

Na fara lissafa masa sunaye da yatsu: wata malamar makaranta a Zariya, wani tsohon ma'aikacin rediyo a Maraɗi. Ina kan na uku bas ya tsaya a tasharmu.